Furen Wardi A Kwoi: Ruwan Da Ke Raya Shi, Shi Ke Kashe Shi

Duk wanda aka ambata wa Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, citta ce za ta fara faɗo masa a rai. Amma ƙasar nan ta Ham, mai tudu da sanyi-sanyi da wadatar ruwan sama, tana iya ɗaukar wata shuka da ba a cika lissafa ta ba, watau wardi, furen nan mai ƙaya da ƙanshi wanda Turawa ke kira ros.

Da ma Bahaushe ya san ƙanshin wardi tun kafin ya ga itacensa. Alhazai sun daɗe suna kawo turarensa tsaraba daga Makka. Shahararren cikinsa kuwa shi ne na Ɗa'if, birnin da ke kan duwatsu gabas da Makka, inda ake tsinkar furen da asuba a watannin Maris da Afrilu. Tsadarsa ba ta rasa dalili ba: a Bulgeriya sai an tara furen da ya kai kilo 3,000 ko fiye kafin a tatsi kilo 1 na man turare.

To, sai dai irin na Ɗa'if yana bukatar sanyi mai tsanani kafin ya yi fure sosai, saboda haka bai dace da mu ba. Waɗanda suka karɓi ƙasarmu su ne masu jinin wardin ƙasar Sin, waɗanda ke maimaita fure sau da yawa a shekara. Irinsu ake gani a lambunan Jos, kuma daga Kafanchan zuwa Jos ba wata tafiya ba ce. Shawara ɗaya ga mai saye: ya sa hanci tukuna. Yawancin wardin kasuwa, irin wanda Kenya ke nomawa a bakin tafkin Naibasha tana aika wa Turai, an zaɓe shi ne don kyan gani da jure tafiya, ƙanshinsa kaɗan ne.

Babban abin da zai hana mai wardi barci a Kwoi shi ne damina. Ruwa yakan sauka tun daga Afrilu har Oktoba, kuma wardi ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa. Idan ganyensa ya daɗe a jiƙe, sai wata fumfuna ta kama shi, baƙin tabo ya fito, ganyen ya yi rawaya ya zube. Mutanen Jaba ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. A daminar 2023 cutar fumfuna ta faɗa wa gonakin citta a Jaba da Kachia da Kagarko, ta bar manoma da yawa ba amfani ba iri. Ko da yake cutar wardi dabam ce da ta citta, darasin ɗaya ne: laima ce ke ba su ƙofa, kuma rigakafi ya fi magani.

A nan ne tukunya ta fi fili amfani. Wanda ya dasa a tukunya shi ke zaɓen ƙasarsa, kuma idan ruwan Agusta ya tsananta sai ya jawo ta ƙarƙashin rumfa. Tukunyar yumɓu ta fi ta roba, domin tana tsotse laima, ba ta kuma ɗaukar zafi. Aikin yumɓu kuwa gado ne a nan, tun da ƙauyen Nok, inda aka fara tono gumakan yumɓu a 1928 waɗanda suka haura shekara 2,000, yana cikin ƙasar Jaba.

Ga yadda ake yi. A sami tukunya mai zurfin kamar santimita 40, a huda gindinta, a ɗora ta bisa duwatsu don ruwa ya wuce, gara kuma kada ta hau. A haɗa baƙar ƙasa da yashi da takin shanu wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. A yanko reshe mai kaurin fensir daga lafiyayyen itace, tsawon santimita 20, a cire ganyen ƙasa, a soka rabinsa, a ajiye a inuwa. Cikin mako 6 zuwa 8 yakan yi saiwa. Daga nan sai a mai da shi inda zai sami rana ta awa 6 a yini, musamman ta hantsi. Ban ruwa da safe ake yi, a gindi, kada a jiƙa ganye. Duk ganyen da ya yi tabo a tsinke shi a ƙone. Idan darɓa ta taru a kan tofo, ruwan sabulu mara ƙarfi ya isa.

Sauran aiki ɗaya wanda mutane ke jin tausayin yi, watau sassabe. A ƙasashen Turai sanyi ne ke sa wardi hutu. A nan kuwa ba ya hutawa, sai ya yi ta miƙewa har ya rame. Saboda haka da zarar ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba, sai a sa wuƙa mai kaifi a cire matattun rassa, a rage sauran da kamar sulusi, a ƙara taki. Bayan kimanin mako 7 zai cika da fure, daidai lokacin Kirsimeti da bukukuwan aure, sa'ad da 'yan ƙasa ke dawowa gida daga Kaduna da Abuja. Sanyin hunturu yakan ƙara wa furen girma da launi, muddin ba a bar tukunyar ta bushe ba.

Ba mu ce wardi zai maye gurbin citta ba, ko kusa. Amma matar gida ko ɗan makaranta da ya iya tayar da reshe ya sami abin ƙawata gida, da abin kyauta, har da ɗan abin sayarwa. Ƙaya dai tana nan, kuma wanda zai sha zuma sai ya jure harbi. Wanda ke son ya shaƙi ƙanshi a tsakar gidansa a watan Disamba, tun da damina zai fara neman tukunya.