Berenike: Dutse a Sararin Samaniya, Tashar Jiragen Ruwa da Sarauniyoyin Masar

A tsakanin hanyar da duniyar Mars ke bi da wadda Jufita ke bi wajen zagaya rana, wato duniyoyin da malaman hisabi ke kira Mirrihu da Mushtari, akwai wani faffaɗan yanki cike da duwatsu manya da ƙanana, waɗanda ba su kai a kira su duniyoyi ba, ba su kuma da hasken kansu irin na taurari. Masana falaki na kiran kowane ɗayansu astaroyid, suna ba shi lamba idan an tabbatar da hanyarsa, daga baya a raɗa masa suna. Na 653 a wannan jeri shi ne Berenike, wanda wani limamin coci mai sha'awar falaki, Joel Metcalf, ya gano a garin Taunton na Amurka ranar 27 ga Nuwamba, 1907. Dutsen yakan ɗauki shekara biyar da 'yan watanni kafin ya kammala zagaye ɗaya, ba a kuma iya ganinsa sai da na'urar hangen nesa.

Sunan ya fito ne daga gidan sarautar Batlamus, zuriyar wani kwamandan yaƙin Iskandar na Makidoniya, wadda ta mulki Masar daga birnin Iskandariya kusan shekara 300, har zuwa mutuwar Kiliyobatara a shekara ta 30 kafin Miladiyya. Mata da dama a gidan sun amsa sunan Berenike, abin da ke sa masu karatu su riƙa cakuɗa su. Wadda aka sa wa dutsen sunanta ita ce ta biyu, 'yar Magas sarkin Sairin a gabashin Libiya ta yau, wadda ta auri Batlamus na Uku a shekara ta 246 kafin Miladiyya. An ruwaito cewa da mijinta ya fita yaƙi Siriya ta yi alwashin sadaukar da gashin kanta a ɗakin bauta idan ya dawo lafiya, ta kuma cika, amma gashin ya ɓace, sai masanin falakin fada, Konon, ya nuna wani gungun ƙananan taurari ya ce can aka ɗaga shi. Ko ma mene ne gaskiyar labarin, dabarar bafaden ta yi aiki, domin har yau ana kiran gungun Gashin Berenike a cikin rukunan taurari 88 da masana suka amince da su. Mai kallon sama daga filayen Kadawa, inda hasken lantarki bai cika dusashe taurari ba, zai iya ganinsa kusan tsakar ka da dare a watannin Afrilu da Mayu, idan hazo ya ja baya. Sarauniyar dai ba ta wanye lafiya ba, domin an kashe ta a shekara ta 221 kafin Miladiyya, jim kaɗan bayan ɗanta ya hau gado. Berenike ta Uku da ta Huɗu su ma kashe su aka yi, ta huɗun ma mahaifinta ne ya ba da umarni.

Akwai kuma tashar jiragen ruwa mai suna Berenike, amma ba ta wannan sarauniya ba ce. Batlamus na Biyu ne ya kafa ta wajajen shekara ta 275 kafin Miladiyya a gaɓar Bahar Maliya, a bayan tsinin ƙasar Ras Banas da ke kare jirage daga iskar arewa, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Berenike ta Ɗaya. Sa wa gari sunan mace mai sarauta ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, tun da tarihin baka ya danganta Daura da Daurama, Zariya kuma da 'yar Bakwa Turunku. Buƙatar farko ita ce giwayen yaƙi, waɗanda ake kamowa daga gaɓar Sudan da Iritiriya ta yau, a sauke su a Berenike, a kora su ta hamada zuwa kogin Nilu. A yaƙin Rafah na shekara ta 217 kafin Miladiyya, Batlamus na Huɗu ya fita da giwaye 73.

Zamanin Rumawa ne garin ya fi bunƙasa, bayan matuƙa jirage sun ƙware wajen amfani da iskar da ke sauya alƙibla sau biyu a shekara a tekun Indiya, su tafi da ta damina, su dawo da ta hunturu. Kayan da aka sauke a Berenike akan ɗora su a raƙuma, a yi tafiyar kwana 12 zuwa Koftos, garin Ƙift na yau a bakin Nilu, daga nan a bi ruwa zuwa Iskandariya, inda hukuma ke karɓar kashi ɗaya bisa huɗu na kimarsu a matsayin haraji. Tonon da Steven Sidebotham na Jami'ar Delaware ya fara da abokan aikinsa a 1994 ya fito da abubuwan da suka gaskata wannan ciniki ƙuru-ƙuru. A harabar babban ɗakin bautar garin an sami wani tulu ƙirar Indiya ɗauke da masoro fiye da kilo 7, an sami katakon Indiya da aka ɓamɓaro daga tsofaffin jirage aka yi gini da shi, da rubuce-rubuce cikin harsuna kusan 12, har da Tamil na kudancin Indiya. A 2023 aka sanar da gano gunkin Buda mai tsawon santimita 71. Akwai ma wata maƙabarta ta dabbobin gida kusan 600, galibinsu kyanwoyi, wasu da abin wuya, tare da birai da aka kawo daga Indiya.

Duk da wannan arziki, garin bai taɓa samun kwanciyar hankali kan ruwan sha ba. A zamanin Rumawa daga rijiyoyi masu katanga da dakaru, a kwaruruwan da ke nesa da gari, ake ɗauko shi, kuma irin waɗannan rijiyoyi ne suka zama zangon ayari a kan hanyar Koftos. Manomin Kura ko Bunkure, wanda shinkafarsa da tumaturinsa ke jiran ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga, ya san abin da ake nufi da zaman da ya rataya a kan ruwan wani wuri. Binciken wata rijiya da ke ƙofar ganuwar garin ya nuna cewa ta ƙafe wajajen ƙarshen ƙarni na uku kafin Miladiyya, har mazauna suka watse na wani lokaci. Watsewar ƙarshe ta zo kafin tsakiyar ƙarni na shida na Miladiyya, bayan yashi ya cike mashigar jirage, ciniki kuma ya karkata wasu hannaye.

Daga baya tashar Aizab da ke kudu da ita ta zama mahayar alhazai da fatake zuwa Jidda, sannan Suwakin, inda ɗimbin alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suka tsallaka Bahar Maliya. Kufan Berenike ya kasance a binne cikin rairayi har 1818, lokacin da Giovanni Belzoni ɗan Italiya ya gano inda yake, kuma sashen da aka tona zuwa yanzu ɗan kaɗan ne daga cikin garin.