Abin Da Mutanen Tailan Ke Cin Shinkafarsu Da Shi

Duk wanda ya taɓa dako ko sayar da hatsi a kasuwannin Ikko da Badun ya san buhun shinkafar ƙasar Tailan, wadda aka fara jibge mana tun ƙarshen shekarun 1970. To amma kaɗan ne suka san abin da masu noman shinkafar ke haɗa ta da shi a gidajensu. Talakan Tailan ba miyar nama yake zubawa ba. Abin da ya dogara a kansa shi ne wani dakakken haɗi mai kauri da suke kira nam firik, wato ruwan barkono, wanda ake sa wa a ɗan kwano tsakiyar tabarma kowa ya riƙa dangwala.

Yadda ake yinsa ba wuya. Uwargida za ta gasa barkono da tafarnuwa da ƙananan albasa a kan garwashi, ta zuba a turmin dutse ta kirɓa, sannan ta sa tsokar kifi, ta matse lemun tsami, ta ɗan ƙara sukarin da suke samu daga kwakwa ko wata bishiya irin giginya. A tsakiyar ƙasar, kifin da aka fi so shi ne fila tu, ɗan ƙaramin kifin teku ɗan'uwan wanda ake kira titus a nan Kudu. Na garin Mae Klong ya fi suna, kuma a 'yan kwandunan gora ake turara shi a kai kasuwa. Wasu kuma kafi suke sawa, wato ƙananan jatan lande da aka cuɗa da gishiri aka bari suka ruɓa. Wani jakadan Faransa, La Loubère, da ya je ƙasar a 1687, ya ba da labarin wannan kafi a littafinsa. Barkonon kuwa baƙo ne, Turawan Fotugal suka kai musu shi daga nahiyar Amurka.

Shi kansa haɗin ba a cika ciki da shi, don gishirinsa da yajinsa ba su bari. Ana kewaye shi da kokwamba, kabeji, ɗanyen wake mai dogon kwanso, 'yan ƙananan yalo, dafaffiyar kuɓewa da kabewa, wani lokaci da ƙwai ko soyayyen kifi. Da haka kifi biyu sai su ishi gida guda.

Inda labarin ya fi shafar mu shi ne yankin Isan, arewa maso gabashin ƙasar. Yanki ne na manoma, ƙasarsa ba ta da ƙarfi, kuma da rani aiki yakan yanke. Da damina idan ruwa ya cika gonakin shinkafa, sai su kama ƙananan kifaye, su cuɗa da gishiri da dusar shinkafa, su danna a randa su rufe, wata shida ko fiye. Sunansa fila ra. Warinsa kan kori baƙo, amma mu da muka tashi da daddawa ba mu da bakin magana. Daga shi ake yin jaew bong: a daddatsa kifin, a haɗa da barkono da tafarnuwa da wata ciyawa mai ƙamshin lemo da saiwa irin citta. Yana daɗewa bai lalace ba. Da shinkafa mai danƙo ake cinsa, a dunƙula da hannu kamar lomar tuwo a dangwala.

Samarin Isan da 'yan matansu 'yan cin rani ne. Tun shekarun 1960 suke kwarara Bankok, babban birnin ƙasar, suna leburanci da tuƙin tasi da aikatau, kowa da ɗan gwangwanin jaew bong ɗinsa, kamar yadda namu kan taho da ƙullin yaji da kuka. Da fari mutanen birni raina abincin suka yi, suna ganin na ƙauyawa ne. Sannu a hankali matan Isan suka kafa rumfuna a bakin titi don 'yan'uwansu, 'yan birni suka ɗanɗana, yau ga shi fila ra har a kwalba ake sayar da shi a manyan kantuna, ana ma fita da shi ƙasashen waje.

Sai dai abin yana da illa idan aka yi sakaci. Ɗanyen kifin kogi, ko wanda bai daɗe a randa ba, yana ɗauke da wata tsutsa mai shiga hanta, kuma likitoci sun tabbatar ita ke jawo yawan ciwon dajin hanyar matsarmama a lardin Khon Kaen da maƙwabtansa. Shi ya sa ma'aikatan lafiyarsu suka dage a riƙa dafa kifin kafin a ci.

Musulmin da tafiya ta kai shi can ya riƙa tambaya, domin wani haɗin arewacin ƙasar mai suna nam firik ong da naman alade ake yinsa. Musulmin kudancinsu kuwa, na wajen Fatani, suna da nasu ruwan kifin mai suna budu, wanda suke zubawa a kan shinkafa da yankakken ganye.