Yaran unguwa da 'yan tsaki 30: yadda muka ci dogon hutu a Batagarawa

Duk wanda ke da ɗakin kaji a cikin unguwa ya san wannan matsalar: da an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, sai ka ga yara sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna leƙe. Ni a da korarsu nake yi, kuma ina da hujja, don cutar fakat da Gumboro har a ƙasan takalmi suke shiga gona. Amma bana wani ɗan yayata ya ce min, "Kawu, ba ɓarna za mu yi ba, kallo kawai." Sai maganar ta tsaya min a rai.

A Amurka akwai ƙungiyar 4-H, inda yaro ke kiwon dabbarsa da kansa har ya kai ta baje koli. Mu nan ba mu da sansanin hutu irin nasu, abin da muka fi sani shi ne a kwashi yara a kai su gidan zu na Audu Bako a Kano da sallah, su ga zaki su dawo. To na ce bari in gwada nawa.

Na ware wata rumfa can nesa da babban ɗakin kaji, na sayo 'yan tsakin buroila 30, yara 6, kowa biyar. Na zaɓi buroila ne don sati 6 suke isa sayarwa, kusan daidai da tsawon hutun. Doka uku ce: ba mai shiga babban ɗaki, kowa ya tsoma silifas a ruwan magani a bakin rumfa, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa tsako. Ƙannensu da ba su kai shekara 5 ba kallo kawai. Kowa kuma da littafinsa, yana rubuta abincin da aka zuba da ranar rigakafin Gumboro da Lasota.

Wallahi sun ba ni mamaki. Cikin kwana uku sun gane karatun 'yan tsaki ba tare da na'urar auna zafi ba: in sun cunkushe jikin tukunyar gawayi sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa. Ran Juma'a da yamma kuma mukan tace tarwada, a raba manya da ƙanana don kada su cinye juna. Nan ne ake shan ihu, don ƙayar gefen tarwada ba ta da mutunci.

Kuskurena shi ne da suka yi sati biyu na bar kowa ya tafi da nasa gida. Wani dare aka yi ruwa mai iska, wani yaro ya ji tausayin nasa, ya sa musu gawayi ya lulluɓe kejin da leda ruf. Da safe huɗu sun mutu, ba iskar shaƙa. Mahaifiyarsa ta aiko min cewa, "Malam, ka sa min yaro ya ƙi karyawa." Laifina ne, na koya musu ɗumama tsako ban koya musu barin kafar iska ba. Muka binne su tare, na sa ya rubuta dalilin da hannunsa, na ba shi biyu daga nawa.

Abin da ban yi tsammani ba sai ranar sayarwa. Mai sayen kaji ya zo, maza suka karɓi kuɗinsu suna murna, amma wata yarinya 'yar shekara 11 ta rungume nata ta ce ba mai yanka mata su, duk ta sa musu suna. Ga shi buroila ba kazar ajiya ba ce, in ta daɗe nauyi ke kayar da ita, ƙafa ta gaza. Sai da muka yi musaya, na ba ta 'yan Noila mata biyu kafin ta haƙura, tana hawaye.

Don haka hutu mai zuwa in Allah Ya kai mu zan fara tambayar yaro, kuɗi yake so ko dabbar? Mai son kuɗi a ba shi buroila. Mai son dabbar a ba shi Noila ko Shika Brown ta NAPRI Zariya, ko kazar Hausa da ƙwanta, ya ƙirga kwana 21 ya ga ƙyanƙyasa da idonsa. Kuma ba mai kai tsako gida sai ya kai sati huɗu, gashi ya rufe shi.