Ƙaurace wa Manyan Bankuna: Darasin Bankin Barclays a Nijeriya

Banki, kome girmansa, da kuɗin jama'a yake ciniki. Ma'aikaci ya kai albashinsa, ɗan kasuwa ya kai cinikinsa, hukuma ta kai harajin da ta tara, sa'an nan banki ya ba da waɗannan kuɗi rance ya ci riba. Saboda haka idan masu ajiya suka haɗa baki suka janye kuɗinsu, jarin bankin ne suka taɓa. Wannan shi ne asalin ƙaurace wa banki don nuna rashin yarda da wata manufa tasa.

Tun zamanin mulkin mallaka mutanen Zariya suka san manyan bankunan Turawa. Da jirgin ƙasa ya iso, Sabon Gari ya kafu kusa da tasha, kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka buɗe kantuna, bankuna kuma suka biyo su. Biyu suka fi shahara a ƙasar, wato Bank of British West Africa da Barclays. Kukan 'yan kasuwa na gida a lokacin shi ne, waɗannan bankuna suna karɓar ajiyarsu amma ba sa ba su rance sai da ƙyar. Wannan kuka yana daga cikin dalilan kafa bankunan gida, irin su National Bank a Ikko cikin 1933, da African Continental Bank na Dokta Azikiwe, da Bankin Arewa mai hedkwata a Kano.

Ƙauracewar da ta fi suna kuwa ta taso ne daga batun wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, inda Barclays yake da babban reshe. Wajen 1970 ɗalibai a Ingila suka soma kiran 'yan'uwansu da kada su buɗe asusu a bankin. Ajiyar ɗalibi ba ta taka kara ta karya ba, amma hikimar ita ce, ɗalibin yau shi ne babban ma'aikacin gobe, kuma mutum bai cika sauya bankin da ya soma da shi ba.

A Nijeriya al'amarin ya ɗauki wani salo. Bayan kisan 'yan makaranta a Soweto cikin 1976, an kafa asusun taimakon Kudancin Afirka, wanda ma'aikatan gwamnati da ɗalibai suka zuba wa gudummawa. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, malamai irin su Yusufu Bala Usman da Patrick Wilmot sun yi ta rubutu da lacca kan 'yantar da Afirka. Ana cikin haka ya bayyana cewa reshen Barclays na Afirka ta Kudu ya sayi takardun bashin da gwamnatin wariya ta fitar don ayyukan sojanta. Cikin 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta umarci ma'aikatu da hukumominta su kwashe kuɗinsu daga Barclays na Nijeriya, kuma a rage Turawan da ke aiki a bankin. A 1979 sunan Barclays ya gushe, bankin ya koma Union Bank.

Abin lura a nan shi ne bambancin hanyoyin biyu. A Ingila dubban masu ƙaramar ajiya ne suka jure shekara da shekaru, har Barclays ya sayar da hannun jarinsa na Afirka ta Kudu cikin 1986. A Nijeriya mai babbar ajiya guda ɗaya, wato gwamnati, ita ta motsa, abin ya yi tasiri nan da nan. Dalili kuwa shi ne, a ƙasar da yawancin talakawa suka dogara ga adashi da ajiyar gida, wanda ba shi da asusu ba shi da abin da zai janye.

Wannan makami yana da nasa sharuɗɗa. Dole a sami buƙata guda bayyananna wadda banki zai iya biya. Dole kuma a sami wani banki da za a koma, domin albashin ma'aikacin Samaru da cinikin ɗan kasuwar Sabon Gari ba za su kwana a ƙarƙashin katifa ba. Sa'an nan akwai hatsari: idan aka janye kuɗi a ruɗe, banki na iya durƙushewa, kuma ƙananan masu ajiya da ma'aikatan bankin su za su fara ɗanɗana kuɗarsu.

Ba ƙauracewa kaɗai ta kawo ƙarshen wariya a 1994 ba, amma ta ƙara wa gwamnatin Firitoriya wahalar samun rance. Mai ajiya, kome ƙanƙantar asusunsa, yana da hakkin tambayar inda ake kai kuɗinsa, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.