Akra: Aikin Gayya Da Yaƙi Da Ambaliya A Nima Da Maamobi

A daren 3 ga watan Yunin 2015, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya mamaye Akra, babban birnin ƙasar Gana. Jama'a sun fake a wani gidan mai da ke kusa da shatale-talen Kwame Nkrumah, sai ruwa ya kwaso man fetur, wuta ta tashi, mutane fiye da 150 suka rasa rayukansu. Toshewar magudanan ruwa na daga cikin dalilan wannan ambaliya.

Babban kwalbatin da ya ratsa tsakanin zangunan Nima da Maamobi yana kai ruwa kogin Odaw, daga nan zuwa tafkin Korle, sannan teku. Saboda ƙuncin lungunan unguwannin, motocin kwasar shara ba sa iya shiga, don haka wasu magidanta kan jira saukar ruwa su juye bolarsu a cikin kwata. Ledojin ruwan sha da robobi da yashi kan taru su tare hanya, ruwa kuwa ya koma cikin gidaje.

Bayan annobar kwalara ta 2014, wadda ta hallaka mutane fiye da 200, gwamnati ta ware Asabar ta farkon kowane wata a matsayin ranar tsabtace muhalli. Wannan ya dace da al'adar gayya da mutanen zango suka gada. Sarakunan zango da limamai kan yi shela, matasa su fito da shebur da baro su yashe kwatoci, musamman kafin damina ta kankama a watannin Mayu da Yuni. Masu babura masu ƙafa uku, waɗanda ake kira aboboya, su kuma suna bin gida-gida suna karɓar shara a biya su.

To sai dai gayyar tana da iyaka. Sau da yawa dattin da aka yaso yakan kwana a bakin hanya, ruwa na gaba ya mayar da shi inda ya fito. A 2019 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 domin gyara yankin kogin Odaw, har da Nima. Amma muddin ba a samar da motar da za ta kwashe abin da matasa suka yaso a ranar ba, gumin nasu zai ci gaba da bin ruwa.