Ƙananan Jiragen Sama: Injin Ne Ke Kisa, Ko Maƙiya?

Da zarar ƙaramin jirgin sama ya faɗi da wani sananne, zance biyu ke cika gari: wasu su ce injin ne ya mutu, wasu su ce da hannun maƙiya. Ba kasafai bincike ke gaskata ko ɗaya ba.

Gaskiya ne ƙananan jirage sun fi manyan jiragen fasinja haɗari nesa ba kusa ba. Galibi matuƙi ɗaya ne, injin ɗaya, kuma ƙasa-ƙasa suke tafiya, inda hazo da gajimare suke. Amma cewa in injin ya mutu jirgi zai rikito kamar dutse, wannan ba haka ba ne. Cessna 172 mai kujera huɗu, in yana tsayin kilomita 1, zai iya lulawa kusan kilomita 9 babu injin, matuƙi ya nemi fili ya sauka. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ce babban makashi shi ne jirgi ya ƙwace wa matuƙi a sama.

Ga yadda abin ke faruwa. Matuƙi ya shiga gajimare ko duhu, ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, sai cikin kunnensa, mai kula da daidaiton jiki, ya fara yi masa ƙarya. Jirgi na karkata yana nutsawa, jikinsa na ce masa komai lafiya. Sai wanda ya ƙware wajen bin na'urori, ya ƙi yarda da jikinsa, ke tsira.

Abin da ya kashe John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ke nan ranar 16 ga Yuli, 1999, da dare a kan teku, tare da matarsa da yayarta. Har yau ana ta surutun makirci, alhali masu bincike ba su sami matsala a injin ba. Haka aka yi ta raɗe-raɗi a Nijeriya kan helikwaftan da ya hallaka shugaban banki Herbert Wigwe a Kalifoniya a Fabrairun 2024. Binciken ya nuna matuƙin ya kutsa cikin mummunan yanayi ne, ya rikice.

Masu zargin lalacewar jirgi kuwa ba kullum suke kuskure ba. Ɗan ƙwallo Emiliano Sala, da jirginsa ya faɗa teku tsakanin Faransa da Ingila a Janairun 2019, an sami gubar hayaƙin injin a jininsa, matuƙin kuma ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi.