Kyautar da ta san mai karɓa: darasin da Kiristoci ke koyo

Da watan Disamba ya kama, ƴan kasuwar Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai sun san abin da ke tafe. Atamfa da takalman yara da shinkafa da kaji su kan yi kasuwa, saboda maƙwabtanmu Kiristoci na shirin sallar Nowel ta ranar 25 ga wata. Ba su da yawa a Nijar, ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, amma rumfa ɗaya muke da su, unguwa ɗaya. A koyarwarsu game da kyauta akwai abin da zai amfani duk mai neman na kansa.

A wurinsu, iya bayarwa abin koyo ne, kamar yadda yarinya ke koyon awo a gefen uwarta. Sun ɗauka cewa mai girma cikin bangaskiya hannunsa na ƙara buɗewa, idonsa kuma na ƙara ganin halin da ɗan'uwansa ke ciki. Littafi Mai Tsarki ya ba su misalai. A Bisharar Markus, sura 12, Yesu ya fifita wata gwauruwa da ta jefa ƴan tsaba 2 a kan attajirai, don ita abin da take da shi ke nan. A Ayyukan Manzanni, sura 9, akwai Tabita ta garin Yafa, wadda ke ɗinka wa gwauraye tufafi. Da ta rasu, tufafin ne suka riƙa nunawa suna kuka. Ta duba abin da suka rasa, ta ba su daga cikin sana'arta.

To, wa ya kai ƴar kasuwa sanin halin mutane? Ita ce ke lura da wadda ta saba awon tiya 5 ta koma tiya 1, da wanda ya daina sayen mai. Wannan idon na ciniki shi ne jarin kyauta mai kyau. Abu na farko, mi mutumin ke buƙata? Gidan da ke da yara huɗu a lakwal, kaye da bik a watan Oktoba sun fi musu kwalbar turare.

Na biyu, yaushe? A Disamba an gama girbi, hatsi ya yi sauƙi. Wuyar tana tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maradi ya san darajar tiya ɗaya a damana. Buhu mai kilo 100 yana ba da kamar tiya 40. Mai hali zai iya saye da kaka, ya ajiye, ya raba wa gidaje 8 tiya biyar-biyar ranar da suka fi buƙata. Haka ma wanda ke jinyar ɗan'uwa a asibiti irin ta Galmi, wadda mishan SIM ya buɗe a 1950: kuɗin mota da kwanon abinci sun fi masa doguwar gaisuwa.

Na uku, ta yaya? A Bisharar Matiyu, sura 6, an gargaɗe su da su yi sadaka a ɓoye. Kyautar da aka miƙa gaban jama'a ta kan cika ciki ta zubar da mutunci. Ƴar kasuwa na iya soke bashin wata a cikin littafinta, ta raɗa mata a kunne, shi ke nan.

A nan ne maganar biki ta shigo. Mun san yadda take: an ba ki jikka 2 ranar sunan ɗanki, ke kuma sai kin mayar da fiye da haka. Mata da yawa sun cinye jarinsu, wasu sun ci bashi, don gudun gori. Gudummawa zumunci ce, ba mu ce a bar ta ba. Sai dai a Bisharar Luka, sura 14, Yesu ya umarci mai yin liyafa ya gayyaci matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba su iya rama masa. Da wannan ma'aunin Kirista ke gwada zuciyarsa: cikin kyaututtukana na bana, nawa ne na ba wanda ba zai iya mayar mini ba?

Musulmi ma sun san falalar sadakar ɓoye, kuma kwanon naman layya da na shinkafar Nowel sun daɗe suna ƙetare katanga ɗaya. Kafin mu kwance bakin zane mu sayi kyauta, mu fara zuwa gidan mu gani da idonmu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.